Sojan dubu ɗari: inda aka kwana a shirinmu kan Jamus bayan yarjejeniyar Versailles

6 ga Janairu, 2025

Aikin da muka sa a gaba bana shirin sauti ne na tarihi, kashi takwas, kowane kashi kamar minti ashirin, yadda mutum zai sauke shi a waya ya saurara yana shago ko yana kan hanya. Ni nake rubutawa in karanta, ƙanena yake naɗa ya gyara. Tambaya guda shirin zai bi: Jamus, ƙasar da aka kayar a yaƙin duniya na farko a 1918, aka ƙayyade mata har yawan harsashin da za ta ajiye, ta yaya ta wayi gari a 1939 da sojan da ya murƙushe Polan cikin 'yan makonni, ya kuma durƙusar da Faransa cikin mako shida a 1940? Amsar da aka saba ji ita ce Hitler. Abin da karatu ya nuna mini shi ne Hitler ya zo ya tarar an share fili, an haƙa tushe, zanen ginin ma yana ajiye a durowa.

Rubutun kashi na ɗaya ya kammala, kan sharuɗɗan yarjejeniyar Versailles da ƙasashen da suka ci yaƙin suka gindaya wa Jamus. An sa hannu ranar 28 ga Yuni, 1919, ta fara aiki 10 ga Janairu, 1920. Sojan ƙasa kada ya wuce mutum 100,000, hafsoshi 4,000 a cikinsu, dibishan bakwai na 'yan ƙasa da uku na mahaya. Ba tankar yaƙi, ba iskar guba, ba jirgin saman soja ko ɗaya. Sojan ruwa mutum 15,000, da tsofaffin manyan jirage shida da wasu ƙanana, jirgin ƙarƙashin ruwa kuwa haramun. Babbar majalisar hafsoshi masu tsara yaƙi, wadda ita ce ƙwaƙwalwar sojan Jamus tun zamanin masarautar Prusiya da ta haɗa kan Jamus, a rushe ta. Yammacin kogin Rhine da kilomita 50 a gabashinsa, kada a ga sojan Jamus.

Sharaɗin da na fi daɗewa a kansa shi ne na tsawon aiki. An soke aikin soja na tilas, aka ce kurtu sai ya yi shekara 12 a jere, hafsa shekara 25. Dalilin yana cikin tarihi. Bayan Napoleon ya kayar da Prusiya, ya ƙayyade mata soja 42,000 a 1808. Sai su Janar Scharnhorst na Prusiya suka riƙa ɗaukar samari, a horar da su 'yan watanni, a sallame su, a ɗauki wasu. Adadin da ke bariki bai canza ba, amma waɗanda suka iya bindiga a gari suna ta ƙaruwa. Wannan ƙofar aka so toshewa a 1919. Marshal Foch na Faransa ya fi son a bar wa Jamus soja 200,000 masu gajeren wa'adi, Lloyd George na Ingila ya dage kan ƙwararru masu dogon wa'adi, aka tashi a kan 100,000. An toshe ƙofar kuwa, sai dai an buɗe wata.

Na sa minti ɗaya don masu sauraro na Adamawa da Borno da arewacin Kamaru. Wannan takardar ce ta raba Jamus da Kamaru da Togo. Sojojin Arewa sun yi yaƙi a Garwa da Mora ƙarƙashin Ingila, kuma daga wannan rabon ne Dikwa da Mubi suka koma hannun Ingilishi, har suka shigo Nijeriya bayan ƙuri'ar 1961.

15 ga Janairu

Kashi na biyu, Janar Hans von Seeckt, wanda ya riƙe sojan ƙasa daga 1920 zuwa 1926. Majalisar tsara yaƙin da aka ce a rushe, an rushe ta a takarda. Mutanenta suka koma wani ofishi mai suna Truppenamt, wanda aka ce na harkokin dakaru ne, sashen tarihinta aka tura shi ma'ajiyar takardun ƙasa, sashen taswira aka kai shi wata ma'aikata. Seeckt ne shugaban ofishin na farko. Abin da ya fara yi ba sayen makami ba ne. Kwamitoci 57 ya kafa, da hafsoshi sama da 400, ya ce su zauna su tantance abin da ya faru a yaƙin da aka sha kashi: me ya yi aiki, me ya ci mutane a banza. Daga nan aka fitar da littafin koyarwa a 1921 da 1923 kan yadda 'yan ƙasa da igwa da tankoki da jiragen sama za su yi yaƙi tare. Ƙasar ba ta da tanka ba ta da jirgi, amma tana koyar da yadda ake haɗa su.

Da yake guraben hafsoshi 4,000 ne kawai, sai aka yi tankaɗe da rairaya. Seeckt ya fifita masu ilimin tsara yaƙi a kan jaruman fagen fama. Ƙarin girma ya zama sai an yi haƙuri: Rommel, wanda duniya ta sani daga baya a hamadar Libiya, ya yi kusan shekara 14 yana kyaftin. Kurtu kuma, tunda shekara 12 zai yi, sai aka riƙa koya masa aikin na gaba da shi, kofur ya iya aikin saje, saje ya iya aikin laftana. Kowane kamfani aka ba shi sunan wata tsohuwar rajimanti ta zamanin sarki ya riƙe tarihinta, don ranar da za a faɗaɗa.

Na kunna wa maƙwabcinmu wannan sashen. Tsohon saje ne, ya yi ritaya tun ina makarantar firamare. Ya saurara idonsa a rufe, da ya ƙare ya ce: "Malam, ka cika maganar janar-janar. Soja saje ne. Ka ba ni saje nagari guda, in ba ka mutum talatin cikin wata uku. Waɗannan dubu ɗarin naka ai iri ne aka ajiye a rumbu, ba abincin shekara ba." Na ce, "Baba, ka yarda in sa wannan a shirin?" Ya ce in sa, amma ban da sunansa. Ya shiga, kuma na ƙara wa sashen saje-saje tsawo.

Akwai hotunan atisayen shekarun nan da ke ba mutane dariya: an rufa wa ƙaramar mota kwali ko tamfol an zana mata siffar tanka, wani lokaci ma sojoji ne ke turawa. Ƙanena yana so mu sa kiɗan barkwanci a wurin. Na hana. Waɗanda suka tura kwalin nan su ne suka ja dibishan-dibishan na tankoki bayan shekara goma.

28 ga Janairu

Hazo ya kama mini murya, janaretan maƙwabta kuma ba ya barin a naɗa sai bayan sha ɗaya na dare. Naɗi ya tsaya, rubutu ya ci gaba.

Kashi na uku kan hukumar sa ido ta ƙasashen da suka ci yaƙi, wadda Janar Nollet na Faransa ya shugabanta har 1924. Bai kamata a raina aikinta ba. Ta sa an narkar da igwa da bindigogi masu ɗimbin yawa, an kwance injinan ƙera makamai a masana'antar Krupp da ke Essen. Shaidar ita ce Janairun 1923: sojojin Faransa da Beljiyam suka shiga yankin Ruhr saboda Jamus ta gaza biyan diyya, kuma sojan Jamus bai iya ko ɗaga yatsa ba. A lokacin ne aka ɗauki wasu dubban mutane a ɓoye da sunan 'yan ƙwadago masu tattara tsofaffin makamai, waɗanda aka riƙa kira baƙar runduna. Ba su tsinana wa ƙasar komai ba sai kashe-kashen waɗanda suke zargi da tona asiri, sannan ranar 1 ga Oktoba, 1923 shugabansu Manjo Buchrucker ya yi yunƙurin tawaye a Küstrin, sojan gwamnati ya murƙushe su. Ɓoye bindiga a rumbunan manoma da tara 'yan daba shi ne ɓangaren da ya fi surutu, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani.

Wani abu da ba zan tsallake ba. Cikin sojojin da Faransa ta girke a yankin Rhine akwai 'yan Afirka, daga Sanagal da sauran yammacin Afirka da Maroko da Madagaska. Jaridun Jamus suka yi musu yarfe na wariyar launi mai muni, suka mai da zamansu hujjar cewa an wulaƙanta ƙasar. 'Ya'yan da wasunsu suka haifa da matan Jamus, a 1937 gwamnatin Hitler ta tattara ɗaruruwansu ta yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfi. Na sa wannan da gangan, saboda saƙonnin da suka fara zuwa bayan mun saki kashi na ɗaya. Akwai matasa masu rubuto "Hitler namijin duniya". Su ji abin da namijin ya tanadar wa mai fata irin tasu.

10 ga Fabrairu

Kashi na huɗu shi ne zuciyar shirin, kuma ya fi ƙarfin minti ashirin. Tarayyar Sobiyet.

A 1920 ƙasashe biyu ne aka mayar saniyar ware a Turai: Jamus da aka kayar, da Rasha ta 'yan gurguzu. Hafsoshin Jamus masu ra'ayin sarauta ne, sun tsani kwaminisanci, sun harbe 'yan gurguzu a titunan Berlin a 1919. Amma suna da abokin gaba ɗaya da Mosko, wato sabuwar ƙasar Polan da aka yanka daga jikin su biyun. Seeckt ya rubuta ƙarara a 1922 cewa wanzuwar Polan abu ne da Jamus ba za ta iya jurewa ba. Tun 1921 ya kafa wani ɗan sashe na sirri don hulɗa da Rasha. Ranar 16 ga Afrilu, 1922 aka sa hannu kan yarjejeniyar Rapallo a Italiya, ministocin harkokin waje Rathenau na Jamus da Chicherin na Rasha suka sa hannun, kowa ya yafe wa ɗan'uwansa bashin yaƙi. Babu maganar soja a takardar, amma ta buɗe hanya. Rathenau bai kai ƙarshen Yunin shekarar ba, 'yan ra'ayin riƙau suka harbe shi.

Gwajin farko na masana'antu ne, kuma bai yi albarka ba. Kamfanin Junkers ya buɗe wurin ƙera jirage a Fili kusa da Mosko, ya tafka asara. Masana'antar iskar guba da aka fara kusa da Samara ita ma ta watse. Abin da ya yi aiki makarantu ne.

Lipetsk, kudu da Mosko, daga 1925 zuwa 1933: makarantar matuƙa jiragen yaƙi. Jiragen da aka fara da su Fokker ne guda 50 da aka sayo daga Holan, injinansu kuma ƙirar Ingila. Matuƙa kamar 120 aka yaye a can cikin shekarun. Hafsan da za a tura sai a sallame shi daga soja a takarda, ya sa kayan gida, ya yi tafiya kamar ɗan kasuwa, in ya dawo a mayar da shi bakin aiki. An ruwaito cewa waɗanda suka mutu a haɗarin jirgi, a akwatin da aka rubuta wa "kayan inji" ake dawo da gawarsu ta tashar ruwan Stettin. Sai Kama, kusa da Kazan, daga 1929: makarantar tankoki. Krupp da Rheinmetall da Daimler suka ƙera tankokin gwaji, aka rubuta su a takarda a matsayin babbar tarakta da ƙaramar tarakta, aka yi jigilarsu a matsayin kayan noma. Na uku Tomka, a yankin Saratov, inda aka gwada iskar guba.

Ƙanena da ya ji adadin ya ce, "Yaya, mutum ɗari da ashirin ne duk abin da ake ta kururuwa a kai?" Tambayar ta yi kyau har na gina ƙarshen kashin a kanta. Adadin kaɗan ne, na Kama ma bai wuce 'yan gomomi ba. Sai dai waɗannan su ne suka zama malaman makarantun da aka buɗe bayan 1933. Injiniyoyi kuma sun ga da idonsu wane sulke ne ke tsagewa, wane inji ne ke mutuwa cikin sanyi, yaya ake sa rediyo a cikin tanka ta yi magana da 'yar'uwarta. Mai sa ido zai iya ƙirga igwa a bariki. Abin da ke kan mutum ba ya shiga lissafinsa.

Rashawa ma sun ƙaru, hafsoshinsu sun halarci darussa da atisaye a Jamus. Da yawansu abin ya zame musu ajali: a Yunin 1937 Stalin ya sa aka harbe Marshal Tukhachevsky da wasu manyan janar-janar bisa zargin haɗa baki da Jamus. Bayan shekara huɗu kuma ɗaliban Lipetsk da Kama suka dawo Rasha, wannan karon da wuta.

Na yanke shawarar raba kashin gida biyu. Shirin ya koma tara.

23 ga Fabrairu

Kamfanoni. Yarjejeniyar ta hana ƙera wasu makamai a cikin Jamus, sai masu zanen suka ƙetare iyaka. Injiniyoyin Krupp suka zauna a kamfanin Bofors na Suwidin, a nan aka fara aikin igwar kakkaɓo jirage mai bakin milimita 88, wadda daga baya ta zama dodon tankokin Ingila a arewacin Afirka. Da ta fito aka laƙaba mata lamba 18, don a ɗauka tsohon zane ne na 1918. Rheinmetall ya sayi wata masana'anta a Solothurn ta Suwizalan yana gwada mashinga.

Labarin jirgin ƙarƙashin ruwa ya fi kowanne tsari. A 1922 masu ƙera jiragen ruwa na Jamus suka yi rajistar wani ofishin zane a birnin Hague na Holan, ana kiransa IvS a taƙaice, daga baya kuɗin sojan ruwa ya riƙa shiga ta bayan fage. Ofishin ya zana wa Turkiyya jirage, ya zana wa Finlan, an ƙera wani a Cadiz ta Sifen. Kowanne aka gama, tsofaffin hafsoshin Jamus ne ke gwajinsa a teku. Wanda aka ƙera a Turku ta Finlan, Vesikko, shi ne ya zama samfurin ƙananan jiragen Jamus na farko, kuma har yau yana ajiye a Helsinki ana zuwa kallo. Ga inda zaren ya ƙulle: an sa hannu kan yarjejeniyar da ta halatta wa Jamus irin waɗannan jirage ranar 18 ga Yuni, 1935, jirgi na farko ya shiga aiki ranar 29 ga watan. Kwana goma sha ɗaya. An daɗe da tara sassansa a Kiel, ana jiran a ce a haɗa.

Na sama kuma, tunda an hana jirgin soja, sai matasa suka rungumi jirgi marar inji, wanda iska ke ɗauka daga kan tudu. Tun 1920 ake gasarsa a dutsen Wasserkuppe. A 1926 aka kafa kamfanin jiragen fasinja na Luft Hansa, kuma ɗaya daga cikin shugabanninsa, Erhard Milch, shi ne ya zama na biyun Göring, shugaban rundunar sama a zamanin Hitler. Wannan sashen na taƙaita shi, don an fi saninsa.

12 ga Maris

Azumi. Ba a naɗi, gyaran na baya kawai ake yi bayan tarawihi. Kashi na uku ya fita. Wani malamin sakandare ya rubuto yana neman taswira don ajinsa, ƙanena ya fara zana ta: Lipetsk, Kazan, Saratov, Hague, Turku, Solothurn, da kibiya daga kowanne zuwa Berlin.

8 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Kashi na bakwai, kuma a nan ne ra'ayina ya fi fitowa: wa ya sani?

Kusan kowa. A duba Disambar 1926 kaɗai. A farkon watan jaridar Manchester Guardian ta Ingila ta buga labarin hulɗar sojan Jamus da Rasha. A watan ne aka ba ministan harkokin wajen Jamus Stresemann da takwaransa na Faransa Briand kyautar Nobel ta zaman lafiya. A watan ne aka amince a Geneva cewa hukumar sa ido ta tattara nata ya nata. Ranar 16 ga watan tsohon shugaban gwamnati Philipp Scheidemann ya miƙe a majalisar dokoki ya fasa ƙwai kan kuɗaɗen sirri da hulɗar Mosko, washegari gwamnatin Wilhelm Marx ta faɗi. Duk da haka ranar 31 ga Janairu, 1927 masu sa ido suka tafi. Tun bayan yarjejeniyar Locarno ta 1925, inda Jamus ta amince da iyakokinta na yamma, da shigar Jamus ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani a 1926, Landan da Paris sun zaɓi zaman lafiya da Stresemann a kan ƙirgar bindigogi. Wani hafsan Ingila a hukumar, Birgediya Morgan, ya yi ta gargaɗi, ba wanda ya kula shi. A Yunin 1930 sojojin mamaya suka bar yankin Rhine, shekara biyar kafin wa'adi.

A cikin gida ma haka. A 1927 asirin Kyaftin Walter Lohmann na sojan ruwa ya tonu: yana juya asusun sirri, ya zuba kuɗi a kamfanin fim na Phoebus, har da wani kamfanin naman alade, aka tafka asara. Ministan tsaro Gessler ya sauka a Janairun 1928, shugaban sojan ruwa ma ya bi shi, Raeder ya hau. To me ya biyo baya? Ba a rufe asusun sirrin ba, gwamnati ce ta karɓi kula da shi. A 1928 jam'iyyar ma'aikata ta SPD ta yi yaƙin zaɓe da taken a ciyar da yara maimakon ƙera jirgin yaƙi. Ta ci zaɓe, Hermann Müller ya zama shugaban gwamnati, cikin watan Agusta majalisar ministocinsa ta amince a ƙera jirgin. Shi ne Deutschland, mai igwa shida na santimita 28, wanda aka ce tan 10,000 ne daidai ƙa'ida, alhali ya haura. Gwamnatin nan dai ta amince da shirin farko na tanadar wa dibishan 16 makamai, na biyu a 1932 ya kai 21. Duk wannan Hitler bai hau ba.

Wanda ya biya kuɗin gaskiya ɗan jarida ne. A Maris 1929 mujallar Die Weltbühne ta buga rahoton Walter Kreiser kan shirin jiragen soja na ɓoye. A Nuwamban 1931 kotun ƙoli ta ɗaure editan, Carl von Ossietzky, wata 18 saboda tona asirin soja. A lura: abin da ya tona karya doka ne, don yarjejeniyar ta zama dokar ƙasa, amma shi aka ɗaure, a ƙarƙashin mulkin dimokuraɗiyya. Da 'yan Nazi suka hau suka jefa shi sansanin gwale-gwale. An ba shi kyautar Nobel ta 1935, ya rasu a Mayun 1938 da tarin fuka, yana ƙarƙashin tsaro. A 1992 ma da 'yarsa ta nemi a sake duba shari'ar, kotun tarayya ta ƙi. Da na karanta wannan sakin a gaban makirufo sai da muka tsaya muka sake ɗauka, muryar ba ta fita daidai ba.

24 ga Afrilu

Kashi na takwas, Hitler da kuɗi. Ya hau 30 ga Janairu, 1933, ranar 3 ga Fabrairu yana gaban janar-janar yana yi musu alƙawarin dawo da aikin soja na tilas. Abin da ya kawo wanda na gabansa ba su da shi biyu ne: kuɗi ba iyaka, da rashin kunyar yin abin a fili.

Bayanin kuɗin ya ba ni wuya kafin ya zauna a kunne. Hjalmar Schacht, shugaban babban banki, ya sa manyan kamfanoni irin su Krupp da Siemens suka kafa wani kamfanin jeka-na-yi-ka mai suna Mefo, jarinsa mak miliyan 1 kacal na kuɗin Jamus, ba ya ƙera komai. Gwamnati ta yi odar makamai, maimakon ta biya da kuɗi sai a ba mai masana'anta takardar bashi da sunan Mefo. Takardar tana da ruwa kashi 4 cikin ɗari, babban banki ya tsaya mata, duk wanda ya matsu zai kai banki a ba shi kuɗi. Ana ta sabunta wa'adinta har shekara biyar. Bashin bai fito a kasafin kuɗi ba, ba wanda ke waje da zai gan shi. Zuwa 1938 ya kai mak biliyan 12. Da lokacin biya ya zo babu abin biya. Schacht ya rubuta gargaɗi a Janairun 1939, aka tuɓe shi a watan.

Sauran kuma a fili aka yi, kuma a ranakun Asabar, lokacin da ma'aikatun Landan da Paris suka tafi hutu. 14 ga Oktoba, 1933, Jamus ta fice daga taron kwance ɗamara da ƙungiyar ƙasashe. 16 ga Maris, 1935, bayan Göring ya bayyana cewa akwai rundunar sama, aka dawo da aikin soja na tilas, aka ce dibishan 36. Ingila da Faransa da Italiya suka taru a Stresa cikin Afrilu suka yi Allah wadai. Bayan wata biyu Ingila ta zagaya ita kaɗai ta amince wa Jamus da kashi 35 cikin ɗari na ƙarfin jiragen ruwanta, ba ta shawarci Faransa ba, kuma ranar da aka sa hannu ta dace da cikar shekara 120 da kayar da Napoleon a Waterloo. A Oktoba Mussolini ya auka wa Habasha, ɗan haɗin kan da ya rage ya tarwatse. A watan ne kuma aka kafa dibishan uku na farko na tankoki, Guderian, hafsan da ya yi fice a yaƙin tankoki, ya karɓi na biyu. Tankarsu ta farko, a takardun masana'anta, sunanta taraktar noma.

9 ga Mayu

An naɗi na bakwai da na takwas. Taswira ta tafi wurin malamin da ya nema, ya ce sunayen sun yi ƙanana a allon waya, ana ƙara musu girma.

Na tara nake rubutawa. Zai fara da Asabar 7 ga Maris, 1936, ranar da sojan Jamus ya shiga yankin Rhine. Bataliya uku ne kawai suka nausa har garuruwan iyaka, Aachen da Trier da Saarbrücken. Faransa na da gwamnatin riƙo, zaɓe na tafe, Janar Gamelin ya zuzuta ƙarfin Jamus ya ce ba zai motsa ba sai an yi gangamin soja na ƙasa baki ɗaya, Ingila kuma ta ce ba ruwanta.

Ina so kashin ya rage wa labarin ƙyalli, don kada mai sauraro ya tashi da tunanin cewa dabara ce ta gama komai. Sojan da ya shiga Polan a 1939 da dibishan kamar 60, yawancinsa a ƙasa yake tafiya, dawakai ke jan igwarsa da abincinsa. Tankokinsa akasari ƙanana ne, ya cike giɓi da na Cekoslobakiya da ya ƙwace a Maris 1939. Jiragen ƙarƙashin ruwa 57 ne kawai ranar da aka fara yaƙi, domin an gaya wa Raeder yana da sauran shekaru. Hafsoshin nan da Seeckt ya tace sun yi rantsuwar biyayya ga Hitler shi kansa tun 2 ga Agusta, 1934, kuma rundunar da suka gina ta sa hannu dumu-dumu a kisan fararen hula da fursunoni a gabas. Wannan sashen yana buƙatar a rubuta shi a tsanake, ban gama ba.

Baba saje ya yarda a naɗi muryarsa minti biyu kan abin da ke faruwa da runduna idan aka ninka ta da gaggawa, saje ɗaya ya koma riƙe mutanen da ya kamata uku su riƙe. Ya ce sai bayan la'asar, kuma a kashe fanka don kada ta shiga sautin. Mun sa ranar Lahadi. Bayan nan sai haɗa kashi tara a fayil guda mai sauƙin nauyi, saboda masu ƙorafin data.